AGUWA DA ƘARYA DA 'YAN'UWANSU: Shukar Tsire-tsire Masu Ajiyar Ruwa a Ƙasar Haɗeja

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwanni na ƙasar Haɗeja.  Wannan takarda tana magana ne a kan waɗansu tsire-tsire da kuka saba gani a bakin hanya da gefen gonaki, amma ba a cika kula da su ba, watau aguwa, da ƙarya, da zabuwa, da karan masallaci, da moda, da wani baƙonsu wanda Turawa ke kira kaktus. Dukansu hali ɗaya gare su. Su kan sha ruwa da damina su ajiye a jikinsu, su yi ta rayuwa da shi har rani ya wuce. Waɗansunsu su kan tsare gona, waɗansu kuwa su kan ƙawata gida da fure sa'ad da daji duk ya bushe.

Ka riƙe magana ɗaya kafin ka ci gaba da karatu. Ƙishirwa ba ta cika kashe waɗannan tsire-tsire ba, yawan ruwa shi ke kashe su. Saboda haka, a ƙasar da kogi ya kan fita daga gaɓarsa ko wace shekara, wanda ya san inda zai kafa su ya gama rabin aikin.

1. TUDU DA FADAMA

Ƙasar Haɗeja iri biyu ce. Akwai tudu, watau jigawa mai rairayi, kamar yawancin ƙasar Birniwa da Malam Madori da Kaugama. Akwai kuma fadama mai laka, wadda kogi ke malalewa a kanta, kamar yadda a ke gani a Auyo da Kiri Kasamma da Guri. Amma ko a tsakiyar fadama akwai dogayen tuddai na rairayi, a bisansu a ka kafa garuruwa da yawa. Ruwan sama a nan ya kan kai milimita 500 zuwa 700 a yawancin shekaru, watau kamar inci 20 zuwa 28, kusan dukansa kuwa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Sauran watanni takwas kuwa ba a cika samun ruwa ba. Wannan dogon rani bai dami tsire-tsiren nan ba. Abin da ke damunsu shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsu cikin Agusta da Satumba.

Ka sani iyakar tudu da fadama ba ta tsaya inda kakanninmu su ka san ta ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Tun daga nan ruwa ya riƙa gudu a kogi har da rani, kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ruwa kuwa ya koma yana kwanciya a waɗansu wuraren da a dā busassu ne. Har wa yau an yi ambaliya mai tsanani a 2018, da 2020, da 2022. To, kafin ka kafa ko da reshe ɗaya, yi abu uku.

Na fari, nemi shaidar inda ruwan 2022 ya tsaya, a jikin itatuwa ko katangu, ko a bakin waɗanda su ka gani. Ka yi shukarka bisa da wannan iyaka.

Na biyu, dubi abin da ya tsiro a wurin da kansa. Inda ka ga sabara, wurin ya dace. Inda ka ga giyayya, ko burgu, ko kacalla, ka bar wurin ga shinkafa.

Na uku, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa da safe. Idan ruwan ya tsotse kafin rana ta take tsaka, ƙasar tana da kyau. Idan ka dawo da la'asar ka iske ruwa kwance, kada ka shuka a nan sai ka tara tudu.

2. YADDA SU KE RAYUWA

Ko wane tsiro yana da waɗansu ƙananan kafofi a ganyensa waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ya ke shaƙar iskar da ya ke haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. Gero da dawa da wake su kan buɗe kafofin nan da rana, shi ya sa su ke yaushi in zafi ya yi yawa. Amma zabuwa, da moda, da karan masallaci, da kaktus, da dare su ke buɗe nasu, sa'ad da gari ya yi sanyi. Su shaƙi iska su ajiye, da gari ya waye su rufe, su yi aiki da ita cikin hasken rana. Saboda haka ruwan da ke fita daga jikinsu kaɗan ne ƙwarai. Aguwa da ƙarya kuwa wata dabara Allah ya ba su, su kan zubar da ganye da rani, su bar ruwa cikin rassa da gindi.

Jikin nan nasu mai cike da ruwa shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma rauninsu. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda ta ke bukatar ruwa. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, sai saiwa ta mutu, ruɓa ta hau gindi. Sau da yawa mai shuka ya kan ga tsiron ya yi laushi, ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi.

3. IRE-IRENSU

Aguwa. A waɗansu wurare aliyara a ke ce mata. Tana da rassa masu kauri, masu launin toka, ba ta da ƙaya, ta kan kai tsawon mutum ko fiye. In an karya reshe sai farin nono ya fito, saboda shi ne dabbobi ba su cika cinta ba. Tun dā a ke yin shinge da ita a gefen burtali da gonaki a ƙasar Kano da Katsina. A Jamhuriyar Nijar da Muritaniya kuma a kan kafa ta don tsai da rairayin da iska ke korowa. Furenta ƙanƙane ne, ba domin ado a ke shuka ta ba, domin aiki ne.

Ƙarya. Ita ce sarauniyar furen rani. Tana da ƙaton gindi mai santsi da gajerun rassa. Sa'ad da ganyenta ya zube, gari ya yi fari fat, sai ta fid da fure mai kama da bakin kakaki, gefensa ja-ja, tsakiyarsa fari-fari. Hausawa sun ce, ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya. Ga mutum, maganar nan gaskiya ce. Ga itaciyar kuwa akwai dalili. Galibi ƙarya ba ta ɗaukar 'ya'ya sai ƙwari sun kawo mata garin fure daga wata ƙaryar dabam. To, in duk ƙaryar da ke garinku rassa ne da a ka saro daga uwa ɗaya, ai itaciya ɗaya ce a wurare da yawa, sai fure kawai za ta yi ta yi. Amma in ka haɗa biyu waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne, ka iya ganin 'ya'ya, biyu-biyu kamar ƙahonin sa.

Zabuwa. Sunanta ya zo daga zane-zanen da ke ganyenta, masu kama da jikin zabo. Ta daji ta kan bushe da rani, ta sāke tohowa daga gindi in ruwa ya sauka. 'Yar'uwarta alobera, wadda asalinta daga ƙasar Larabawa ne, ba ta zubar da ganye, ita ce a ka fi ajiyewa a gida. Su kan fid da dogon tsinke daga tsakiya, furanni su jeru a kansa, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki su riƙa zuwa shan zaƙinsu.

Karan masallaci. Gajeren tsiro ne mai kusurwa huɗu, ba ya da ganyen kirki, ya kan yi cunkus wuri ɗaya. Furanninsa ƙanana ne, ja mai duhu, suna reto a jikin siririn tsinke. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa na Hausa ya buga a 1916, masana kuwa da sunansa su ke kiran wannan tsiro a littattafansu.

Moda. Ganyenta tsaye ya ke kamar takobi. Daga cikinsa a ke fid da zare mai ƙarfi, a tufka igiya da tsirkiyar baka. Ta fi sauran jimrin inuwa. Furenta fari ne, da maraice ya ke buɗewa, yana da ƙanshi.

Kaktus. Wannan baƙo ne, asalin danginsa daga nahiyar Amurka ne, musamman Meksiko. Mutanen Sifen ne su ka fara ƙetarowa da shi bayan 1492. Wanda a ka fi sani shi ne mai faffaɗan jiki kamar tafin hannu, wani bisa wani. Furensa rawaya ne ko ja, 'ya'yansa kuwa ana ci a Maroko da Tunisiya da arewacin Habasha. A arewa maso gabashin Burazil a kan noma irin marar ƙaya gona guda domin ciyad da shanu da rani. Akwai kuma dogaye masu kama da ginshiƙi, waɗanda ke buɗe babban farin fure da dare, ya yi yaushi da hantsi. Kada ka rikita kaktus da ƙerana ko tinya, ko da ya ke sun yi kama. Ƙarce jikin da tsinke. In farin nono ya fito, dangin tinya ne. Kaktus ruwansa galibi garau ya ke, ƙayoyinsa kuma a tattare su ke fitowa daga wani ɗan gurbi mai gashi.

4. YADDA A KE KAFA SHINGEN AGUWA

Dubi wahalar da shingen ƙaya ke jawowa. Ko wace shekara sai ka sare magarya da bagaruwa da farar ƙaya, gara ta ci, mata su ɗiba su hura wuta, baɗi ka sāke. Itatuwa suna ƙarewa, iska tana kwashe ƙasa. In kuwa da kara ka yi darni, ka hana dabbobinka abinci. Shingen aguwa sau ɗaya a ke kafa shi, ko wace shekara ƙaruwa ya ke yi. Ga yadda za ka yi.

(a) Lokaci. Da bazara a ke kafa aguwa, cikin Afrilu ko farkon Mayu, tun ƙasa tana busasshiya. Kada ka jira ruwa ya sauka. Reshen da a ka kafa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen sara ruɓewa ya kan yi.

(b) Saran rassa. Zaɓi rassan da su ka ƙosa, masu kaurin babban yatsa ko fiye, tsawon kamu ɗaya da rabi zuwa biyu. Sare su da adda mai kaifi, sara ɗaya, kada bakin ya dagargaje. Kada ka kwashe fiye da sulusin rassan uwa.

(c) Shanya. Jingine su a inuwa kwana uku zuwa bakwai, har nonon ya tsaya, bakin saran ya bushe. Wannan shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, su yi hasara.

(d) Kafawa. Ja igiya don layi ya miƙe. Huda rami da dagi, zurfin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, ka sa reshe, gindi ƙasa kamar yadda ya ke a jikin uwa, ka take ƙasa da dugaduginka sosai don kada iska ta kayar. Bar ƙafa ɗaya tsakanin reshe da reshe. Kada ka ba su ruwa.

(e) Lissafi. Gona mai eka ɗaya, in tsawonta da faɗinta daidai ne, ko wane gefe kamar yadi 70 ne. Kewayenta yadi 280 ke nan, watau ƙafa 840. Saboda haka rassa 840 za su kewaye ta layi ɗaya. In aikin ya yi maka yawa a shekara ɗaya, fara da gefen da ke fuskantar burtali, ko gefen gabas inda iskar hadari ke fitowa.

(f) Inda ƙasa ta yi kwari. Tada kunya mai tsawon kamu ɗaya, ka kafa rassan a bisanta. In ruwa ya kan shanye wurin da damina, kada ka ɓata ƙarfinka, aguwa ba ta zama a nan.

(g) Kiwo. A shekarar fari shingen bai isa ya tare akuya ba, sai ka taimake shi da 'yar ƙaya. Da bazara mai zuwa ka cike gurbin waɗanda su ka mutu. Cikin shekara biyu ko uku rassa za su sarƙe. Daga nan sai ka riƙa rage masa tsawo ko wace bazara, abin da ka sare kuwa shi ne irin wani shingen. Ka riƙa nome gindinsa don kada ya zama maɓoyar macizai da ɓeraye.

5. SHUKAR ADO A GIDA

Wanda ke zaune a fadama ma ba a bar shi a baya ba, gama abin da ƙasa ta hana, tukunya ta kan bayar. Tsohon tulu, ko randa da ta tsage, ko kasko mai zurfi, duk sun isa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi, ba ta kuma dafa saiwa da zafin rana.

Huda gindin tukunyar, ƙofa mai faɗin yatsa, ka ɗora tsingaro a kai don kada ƙasa ta zube. Sa'an nan ka haɗa ƙasar shuka kamar haka: rairayin kogi mai tsakuwa-tsakuwa kwano biyu, turɓayar gona kwano ɗaya, tsohon taki wanda ya ruɓe sarai rabin kwano, da dakakken gawayi cikin tafi biyu. Kada ka sa lakar fadama, kada ka sa ɗanyen taki. Ɗora tukunyar bisa duwatsu uku ko tubali, don ruwa ya fita, gara kuma kada ta shiga.

Ƙarya da kaktus da karan masallaci suna son rana, ƙarya ma ba ta fure a inuwa. Alobera ta fi son ranar safe da inuwar la'asar. Moda ta yarda da gindin bango ko ƙofar zaure.

Game da ban ruwa, yatsanka shi ne malaminka. Tura shi cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ka ji danshi, bari. In ta bushe, zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, kāna ka ƙyale ta ta sāke bushewa. Da bazara wannan ya kan zama kamar sau ɗaya a mako. Da hunturu tsire-tsiren nan hutawa su ke yi, sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa. Cikin Agusta kuwa ba ban ruwa, sai ma ka janye tukwanen daga ƙarƙashin indararo. In ruwan rijiyarku yana da kanwa, yi amfani da na kogi ko na sama.

Alobera da moda su kan fid da 'ya'ya a gindi, sai ka raba su da saiwarsu ka dasa. Karan masallaci da kaktus, ɓalle gaɓa ɗaya, ka shanya a inuwa mako guda, ka kafa cikin busasshiyar ƙasa, kada ka ba da ruwa sai bayan wani makon. Ƙarya ma ta kan kama daga reshe ta wannan hanya, amma mai son ƙaton gindin nan, daga iri zai shuka. In ka ga 'ya'yanta sun ƙosa, ɗaure su da zare, gama in sun fashe iska ce za ta kwashe irin, domin ko wace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi. Cire gashin, ka kwantar da ƙwayar bisa rairayi mai danshi, ka rufe da ƙasa kaɗan. Sabon iri ya kan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu, wanda ya daɗe a ajiye kuwa ba ya tsira da kyau. Lokacin zafi ya fi dacewa da wannan shuka.

A ƙasar Tailan masu lambu sun fid da ire-iren ƙarya masu launi dabam dabam, da masu fure ninki-ninki. Irin waɗannan aure a ke yi musu bisa gindin ƙarya ta yau da kullum, kamar yadda a ke yi wa mangwaro. Ƙwayarsu ba lalle ta ba ka furen uwarta ba. Masu sayad da furanni a bakin titin Kano da Kaduna da Abuja suna cinikin ƙarya da alobera cikin tukwane, saboda haka saurayin da ya iya renonsu ya samu sana'ar rani wadda ba ta cin ruwa. Amma kada a tone tsofaffin da ke daji don sayarwa. A ɗauki iri ko reshe, a bar uwa.

Cuta biyu za ka lura da su. In ka ga wani farin ƙwaro kamar auduga a maƙale a hammatar ganye, goge shi da tsumma da ruwan sabulu, ko ka fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da maraice. In kuwa gindi ya yi laushi ya yi baƙi, ruɓa ce. Tumɓuke tsiron, ka yanke wurin da wuƙa mai tsabta har ka kai lafiyayyen jiki, ka barbaɗa toka, ka shanya a inuwa mako guda, ka sāke dasawa cikin sabuwar ƙasa.

6. GARGAƊI

Kyan ɗan maciji ba ya hana shi sara. Ƙarya, duk da kyan furenta, dafi ce tun daga saiwa har fure. A wurare da yawa na Afirka da ruwanta a ke haɗa dafin kibiya, gama yana taɓa zuciya. Kada a kafa ta inda yara ƙanana ke wasa, ko kusa da turken awaki, ko bakin rijiya. In ka sare mata rassa, binne abin da ba ka bukata, ka wanke hannu da wuƙa da sabulu.

Nonon tinya da na ƙerana ya kan ƙone fata, in ya shiga ido kuma yana iya makantarwa. A duwatsun Jos da Bauci an yi shingen gari da ƙerana a zamanin yaƙi, amma gidan da ke da yara ba wurinta ba ne. Na aguwa bai kai su zafi ba, duk da haka kada ka sosa ido kana cikin aikinta, kada kuma ka sara iska tana busowa fuskarka. In nonon ɗayansu ya shiga idon mutum, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta nan take, kamar minti 20 ba tsayawa, kāna a kai shi asibiti a ranar. Kada a ɗiga masa wani magani na gida. Kada kuma a yi girki da itacen tinya ko na ƙarya.

Farin majinar da ke cikin ganyen alobera ta kan sanyaya ƙaramar ƙuna. Amma rawayan ruwan nan mai ɗaci da ke ƙarƙashin ɓawon yana sa gudawa mai tsanani. Mace mai ciki da ƙaramin yaro kada su sha. Babbar ƙuna kuwa ta asibiti ce.

Kaktus mai ƙaya shi ma yana da nasa hatsari. Ko wace gaɓa da ta faɗi ƙasa sai ta kama. An kai shi Ostareliya don shinge da ado, ya tsere ya shiga daji, kafin 1925 ya mamaye kimanin eka miliyan 60, manoma da makiyaya da yawa su ka bar filayensu. Sai da a ka kawo wani ƙwaro daga Ajantina, a ka sake shi a 1926, tsutsarsa ta cinye shi. Mu da ke ganin abin da kacalla ta yi wa hanyoyin ruwanmu ba mu bukatar a faɗa mana sau biyu. Ka riƙe mai ƙaya a tukunya, ka ƙone abin da ka yanke bayan ya bushe, kada ka jefa a juji ko inda ruwa zai ɗauka.

7. ZUWA GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Shingen ƙaya ya kan ruɓe a manta da shi, amma shingen aguwa ya kan zama shaida har jikoki. Saboda haka in an kafa shi bisa gaskiya ya kashe shari'a, in an kafa shi bisa zalunci ya haifi wadda ba ta ƙarewa. Ku ne za ku tsaya a kan wannan.

Kada wani ya kafa aguwa a iyakar gona sai maƙwabcinsa da mai unguwa suna tsaye. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, sai da yardar mai ita. Ko wace shekara in ruwa ya janye, Fulani su kan gangaro fadama da shanunsu. Burtalin da a ka yi wa shingen aguwa hagu da dama ya kan bi da shanu sumul har mashaya, amfanin gona ya tsira, makiyayi ya tsira daga tara. To, kafin a kafa, ku kira arɗo da dattawan manoma, a auna faɗin burtali yadda ya ke tun asali, kāna a ja layi. Kada shinge ya ci burtali ko da taku ɗaya, kada kuma ya rufe mashaya ko hanyar masunta.

Ya kamata ko wane gari ya keɓe ɗan fili a kan tudu ya zama gidan iri, inda talaka zai samu rassa kyauta da bazara. Aikin gayya na yini ɗaya ya isa ya kewaye maƙabarta, ko filin makaranta, ko gefen gari inda rairayi ke tasowa. A ƙofar fada da harabar masallaci kuwa, inda akwai manya masu lura, ƙarya biyu ko uku cikin manyan tukwane za su faranta ran mai shigowa duk tsawon rani. In wani abu ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona na yankinku.

ABIN DA ZA A TUNA

1. A kan tudu ko cikin tukunya mai huda, ba cikin laka ba.
2. Bisa da iyakar ambaliyar 2022.
3. A sari reshe da bazara, a shanya a inuwa, a kafa a busasshiyar ƙasa.
4. Kada a ba da ruwa sai ƙasa ta bushe.
5. A tsare ido daga nonon, a tsare yara da dabbobi daga ƙarya.
6. Kada a kafa shingen iyaka sai da shaidu.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya da fari, ya zaunad da ƙasarmu lafiya. Amin.